Guga a Ƙahon Wata

Shekaranjiya wasu samari biyu suka shigo rumfata a unguwar Albarika, nan Parakou, ɗayansu riƙe da waya, suka ce Baba Idi zo ka ga abin mamaki. Sun ce wa wayar ta zana musu injin wanke tukwane, ta kuwa zana shi kafin in gama gyara zaman tabarau. Ba zan yi ƙarya ba, hoton ya yi kyau, launi kamar ka lasa. Suka ce ashe abin da na kwashe shekaru ina sunkuye a kansa ke nan. Na karɓi wayar, na ɗora yatsa a kan bel ɗin injin na bi shi. Ya zagaya taya ɗaya, ya shige bayan tukunya, bai sake fitowa ba. Na tambaye su ina ya tafi, suka ce wa zai tsaya duba wannan. Yaro ɗan shekara bakwai zai duba, kuma da yatsa zai duba, yatsan ma da maiƙon ƙosai a jiki. To tunda ku samarin yanzu kun ce aikin ba wuya, ku jawo benci ku zauna.

Sana'ata zanen littafin waƙoƙin yara ce, waƙoƙin ban dariya a kan injunan da ba a taɓa ƙera su ba. Amma da allon shago na fara, a wajen maigidana Sanni mai fenti, can bayan kasuwar Arzèkè. Wata ukun farko buroshi bai shiga hannuna ba sai in zan wanke shi da kananzir. Kullum da safe maigida zai jingina kekensa a bango, ya ba ni fensir da bayan kwalin sabulu, ya ce in zana. In na gama sai ya sa yatsa ya bi sarƙar keken tun daga feda har tayar baya. Duk inda yatsan ya tsaya, nan na yi ƙarya. Ba ya duka, ba ya zagi, sai dai ya miƙo mini kwalin ya ce wannan keken ko ƙofar gida ba zai kai ni ba. Abin da ya dasa mini ke nan: duk abin da ka zana, ya zamana in an hura masa rai zai tashi ya yi aikinsa. Na riƙe maganar nan hannu bibbiyu. Ita ta ciyar da ni, ita ce kuma ta kusa kashe mini sana'a.

Ga akwatin kayan aikina can, ku buɗe ku gani. Alƙalamin ƙarfe ne da baƙar tawada, sai fensir da reza da robar gogewa, sai tarin marafai. Ku yi dariyarku. Marfin gwangwanin tumatir shi ne babbar taya, marfin kwalbar lemo ƙaramar taya, maɓallin riga kuma kan ƙusa. Ban taɓa sayen abin zana da'ira ba, ban kuma taɓa zana taya mai ƙusumbi ba. Buroshin da na fi so da hannuna na ɗaure shi, gashin jelar akuya ne na cusa a bututun biro.

Aikin farko da maigida ya sakar mini ni kaɗai allon wani mahauci ne. Na zana masa rago daidai yadda Allah ya halicci rago. Ya zo ya duba, ya ce wannan ragon yunwa za ta kashe shi kafin wuƙa ta iso. Sau uku ina ƙara masa kitse, sai da ya koma buhun masara mai ƙaho sannan mahauci ya ce yawwa. Masu aski kuwa kai shida suke so a allo ɗaya, kowane kai da irin askinsa, kuma kada ko ɗaya ya yi kama da wani ɗan unguwa, don kada a zo musu da rigima. A hannun waɗannan mutane na koyi cewa mai shago abin da zai tsayar da mai wucewa yake nema, gaskiyar rago ba ta dame shi ba.

Allon wani mai injin niƙa ne ya haɗa ni da Malama Salamatu. Na zana injin da mazurarinsa da bel ɗinsa da garin da ke zuba a kwano. Malama ta zo biki Parakou daga Djougou, ta hango allon tana bayan zem, babur ɗin hayar nan, ta sa aka tsaya ta tambayi wanda ya zana. Malamar lakwal ce, wato makarantar boko, 'yar gidan fataken goro, ta girme ni da kusan shekara goma, kuma magana ba ta dame ta ba. A aji Faransanci take koyarwa, amma a jakarta akwai wani tsohon littafin rubutu cike da waƙoƙin Hausa da take yi wa yaran unguwarsu. Ta zauna a bencin nan da kuke kai, ta karanta mini ɗaya, fuskarta ko alamar murmushi babu:

Na ƙera inji mai taɓarya
goma sha biyu, turmi ɗaya.
Ya daka doya, ya daka tukunya,
ya waiwayo yana neman Inna Mariya.

Na yi dariya har na kifar da gwangwanin fenti. Ta jira na gama, sannan ta ce, "Ƙanena, za ka iya zana injin nan yadda yaro zai yarda akwai shi?"

Na ce ai ko yanzu take so. Kwana tara na yi a kansa.

Taɓarya goma sha biyu a turmi ɗaya ba wasa ba ne. Dole ka san wadda ke sama da wadda ke ƙasa, in ba haka ba su fasa kan juna tun ba su taɓa doya ba. Sai da na je na zauna wuni biyu wajen wani makanike ina kallon cikin injin mota. Bayan inji kuma ga Inna Mariya. Na zana ta a guje, ɗankwali a sama, takalmi ɗaya ta bar shi a baya, akuya kuma tana leƙe ta kan katanga kamar ba ruwanta. A takalmin nan dariyar take. Shi injin dole ya tsaya fuska a murtuke, kamar yadda Malama ke karanta waƙarta. In inji ya fara yi wa yaro gwalo da kansa, yaro ba ya dariya.

Haka muka ɗauki aiki. Ita ta rubuta waƙa ta ba direban taksi a ambulan, ni in zana in mayar. Sai ta kai zanen ajinta ta ɗaga wa yara, ta juya bayan takardar ta rubuta mini abin da suka yi. Wani lokaci ta rubuta "Sun yi dariya," wani lokaci "Shiru." In shiru ne, in sake. In waƙoƙi takwas suka taru sai mu kai wa mai fotokofi, a ninke, a maƙale da 'yan ƙarafa biyu, mata masu sayar da alewa a bakin makarantu su ɗora a gefen tire. Injin fotokofi ma sai da na koyi halinsa. Yana cinye siririn layi, yana mayar da inuwa tabo, don haka kowane layi sai na ja shi da kauri, inuwa kuma in yi ta da ɗigo-ɗigo. Mun yi lemar zem mai tara ruwan sama ta wanke wa fasinja ƙafa. Mun yi injin korar awaki daga shanya, wanda ya kori mai shanyar. Shekara shida muna haka lafiya lau.

Waƙar keken rijiya a farkon rani ta zo, lokacin da ruwa ke yin ƙasa, yara suna wuni suna jan guga:

Keken Baba ya gaji da hanya,
na ɗora shi a bakin rijiya.
In na taka, guga ya sauka,
in na ƙara, ruwa a kanka.

Da na ga keke ne sai na gyara zama, an zo gidana. Na shimfiɗa katako biyu a bakin rijiyar, na ɗora keken a kai, na cire robar tayar baya na bar ƙarfen, na naɗe igiya a jikinsa, na sauke guga. Har ƙullin igiyar na zana yadda ake yinsa, har ƙusoshin da suka riƙe keken. Da maigida Sanni yana raye, da yatsansa ya bi zanen nan tun daga feda har ruwa bai tsaya ba. Malama ta rubuta a baya, "Sun yi dariya, sannan suka yi shiru suna ta kallo." Ni kuwa na ɗauki shirun nan yabo ne.

Bayan wata biyu direba ya kawo mini ambulan babu waƙa a ciki, sai layi ɗaya, wai in zo Djougou. Na iske wani mutum zaune a zauren gidan su Malama, littafinmu a gabansa a kan tabarma, buɗe a shafin keken, duk laka ta ɓata shi. Malam Bukari ne, mai awon hatsi a Pélébina. Muka gaisa, ya ba da labari a hankali. 'Yarsa Rakiya, mai shekara tara, ita da ƙannenta suka ɗauko tsohon kekensa da katakon wani karyayyen gado, suka bi zanen layi-layi. Abin kuma ya yi aiki, guga biyu suka fito. A na uku katako ya zame. Keken ya faɗa rijiya. Allah ya kiyaye yarinyar ba ta bi shi ba, amma ƙarfen ya matse mata hannun dama da bakin rijiya, ya karye a gwiwar hannu. Maɗori ya ɗora, yana dai cewa sai abin da Allah ya yi.

Na jira ya ɗaga murya, bai ɗaga ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya tashi ya sa takalmi, ya ce, "Ban zo neman kome ba. Na zo ne ku sani, yara suna yarda da ku."

Da ya fita na fara cewa ai katakon gado ba irin katakon da na zana ba ne. Malama ta dube ni, na haɗiye sauran maganar. Ta ɗauko littafin waƙoƙinta ta rufe, ta ɗaure shi da zare. Ta ce, "Ba zan ƙara rubuta baiti ɗaya ba, sai ranar da ka kawo mini injin da yaro zai yi wa dariya amma ba zai iya haɗa shi ba."

Wannan ita ce muguwar shekarata. Muka bi masu alewa ɗaya bayan ɗaya, a Djougou da Parakou, muka karɓe duk littafin da ya rage. Wani shugaban makaranta ya hana a shiga masa da littattafanmu, na kuma san da gaskiyarsa. Na koma allon masu aski da mahauta. Amma da zarar na sami sarari sai in zana inji in aika wa Malama. Waƙa ce ta daina, ɗaga wa yara zane ba ta daina ba. Da farko na ce abu mai sauƙi, sai in yi injin da ba shi da kai ba shi da gindi, tayoyi na yawo a iska, igiyoyi ba su kama kome ba, irin na wayarku ɗin nan. Takarda ta dawo, "Shiru." Na ƙara launi, shiru. Na sa wa injin idanu da haƙora, shiru. Yaro ba ya yi wa ƙaryar da ba a wahala a kanta ba dariya, sai ya kalla sau ɗaya ya juya shafi. In kuma na gyara igiyoyin suka kama inda ya kamata, sai in ga abin da yara uku da tsohon keke za su iya haɗawa, in yage da kaina. Gaba kura, baya sayaki. Wata goma ina wannan, har na fara tattara marafaina zan ba yaran maƙwabta su yi wasa.

Ina cikin tattarawar ne na tuna cewa kowa na tambaya, ban da mutum ɗaya da ta taɓa haɗa injina da hannunta. Kunya ce ta hana ni zuwa, ba wani abu ba. Na sayi goro da sukari, na ɗauki zane biyu, na hau taksi zuwa Djougou, daga can na hau zem zuwa Pélébina.

Da hantsi na isa. Malam Bukari ya shimfiɗa mini tabarma a gindin mangwaro, rijiyar tana can gefe an yi mata marfin ƙarfe da kwaɗo. Ya kira Rakiya. Siririyar yarinya ce mai kallon mutum ido cikin ido, hannunta na dama a lanƙwashe, ya warke amma ba ya miƙewa. Uban ya ce mata ga mai zanen. Ta gaishe ni, ta ce ƙullin igiyar da na zana mai kyau ne, har keken ya faɗa bai kwance ba. Na rasa inda zan sa fuskata.

Na ce mata aiki na kawo mata. Ta duba zanen nan, in za ta iya haɗa shi ta gaya mini gaskiya. Na farko keken rijiyar ne, amma kunkuru na ɗora a kan sirdi yana taka feda. Ta sa yatsan hagu ta bi sarƙa, ta bi igiya, ta kai guga. Ta ce akwai kunkuru a rafinsu, in ma ya ƙi takawa ƙanenta zai taka. Na ninke na sa a aljihu. Na biyu babu keke, na rataya igiyar a kan jinjirin wata, yaro yana ja daga ƙasa. Wannan ko minti ɗaya bai yi ba. Ta ɗaga kai ta dubi reshen mangwaron da ya miƙa wajen rijiya, ta ce can za a rataya. Ubanta ma ya ɗaga kai ya dubi reshen, na ga yadda fuskarsa ta canza.

A nan na gane abin da ya shige mini duhu wata goma. Duk abin da ke riƙe wani abu, yaro zai nemo madadinsa. Duk abin da yaro zai iya tsayawa a gurbinsa, zai tsaya. Sai dai abin da ke yin aikin kansa ya zama babu shi a hannun kowa. Na ɗora takardar a gwiwa, na goge yaron, na ɗaure bakin igiyar tam a ƙahon wata. Na yi wa watan fuska, yana hawa sama yana gumi, guga na biye da shi. A bakin rijiya na kafa sanda wadda za ta tuntsurar da gugan in ya iso, ruwa ya zuba a indararo, indararon ya rabu uku, biyu su nufi randuna can nesa da rijiyar, na ukun ya nufi kan wani tsoho mai sanda. Kowane ƙulli na gaskiya ne, kowace ƙusa tana inda ya kamata.

Rakiya ta sa yatsa ta fara daga guga, ta bi igiya har sama. Ta ce, "A ɗaure a reshe." Ta ɗaga kai ta dubi mangwaron. "Reshe ba ya hawa sama." Ta sake bi. "Jaki ya ja." Sai kuma ta ce jaki ma ba ya hawa sama. Ta daɗe tana kallo, goshi a tattare. Can ta dube ni ta ce, "Baba, to in watan ya faɗi fa?"

Na ce, "Sai guga ya koma ya ɗebo na gobe."

Ta dubi watan da guminsa, ta dubi tsohon da ruwa ke shirin sauka a kansa, sai ta fashe da dariya, har tana riƙe hannun nan mai ciwo. Ƙannenta suka rugo suna ture juna. Malam Bukari bai yi dariya ba, amma ya ce a kawo mini fura.

Kafin la'asar ina zauren Malama. Ta karɓi takardar ta duba, ta tambaye ni wa ya gani. Na ce Rakiya. Ta ce me ta ce. Na ce ta nemi hanya ta rasa, sannan ta yi dariya. Malama ta shiga cikin gida, ta fito da littafin nan, ta kwance zaren. A gabana ta rubuta:

Na ɗaura guga a ƙahon wata,
ya hau sama yana ta mita.
Kowa ya tara ya cika randa,
Kaka ya jiƙe har da sanda.

Tun daga ranar dokar aikina ɗaya ce. Inji ya zama gaskiya tun daga farkonsa har ƙarshensa, yadda yatsa zai bi bai tsaya ba, ban da abu ɗaya, wato abin da ke tuƙa shi. Shi wannan dole ya zama ba a sayar da shi a Arzèkè, ba a kuma tsintarsa a bola ko a rafi. Mun yi injin shara da atishawar giwa ke turawa. Mun yi fankar da minsharin Kaka ke juyawa. Mun yi injin wanki da ake matse gajimare a cikinsa kamar tsumma. Kuma ban ƙara sa yaro a bakin rijiya ko a kan bishiya ko kusa da wuta ba, ko da waƙar ta nema. Malama ta yi ritaya yanzu, idonta ya yi rauni, jikarta ke rubuta mata, amma ambulan bai daina zuwa ba.

To ku ɗauki hoton wayarku ku kai wa yaro, ku zuba masa ido. In ya juya kai, ba ku yi kome ba. In ya yi dariya, da sauranku, ku tambaye shi ko zai iya haɗa shi. In ya yi shiru yana ta kallo, ku goge hoton nan take, kada ku ce yabo ne.

Ni har yau zanena ba ya zuwa wajen mai fotokofi sai ya bi ta gidan Rakiya. Ta yi aure a Djougou, 'ya'yanta uku, su ke bi mini igiya da yatsa yanzu, ita kuma ta yanke hukunci. Watan jiya da na je, a bakin famfon unguwa na same ta. Ta cika babbar roba da ruwa, ta naɗa gammo ta ɗora a ka, tana tsaye tana dube-duben wanda zai taya ta ɗauka, don hannun ba ya kaiwa sama. Na ajiye takarduna a ƙasa, na kama mata.